Kwanon Rufin Gidan Orozo

Kuɗin rufin gidana na ɗauka na tafi da su Amurka. Da wannan nake so in fara, don kada wani ya ɓarnatar da tausayinsa a kaina tun bai san abin da na aikata ba.

Sunana Isiyaku. Shekara goma sha ɗaya na yi a sashen sayayya na wata ma'aikata a Abuja, kuma aikina guda ne: ko tsintsiya za a saya, sai na karɓi takardun farashi daga 'yan kwangila uku, na jera su, na ja layi a ƙarƙashin mafi araha. Da wannan albashin, da adashen matata Saratu da ke koyarwa a firamare, muka sayi fili a Orozo muka fara ɗora bulo. Shekara shida muka yi kafin ginin ya kai linta. Muna haya a Nyanya, amma duk Asabar sai mun je mun tsaya a falon da ba rufi muna gardamar inda za a sa kujeru. 'Yarmu Ummi, tana da shekara takwas a lokacin, ta zaɓi ɗakin da ke kallon dutse, har ta rubuta sunanta da gawayi a bango. Kafintanmu Bitrus ya rubuta mana abin da ya rage a bayan takardar buhun siminti: katako, kwano, ƙusa, silin, ƙofofi, tagogi, kuɗin aiki. Muka tara kuɗin nan cif.

A shekarun nan kuɗi na yawo a Abuja kamar ba za su ƙare ba. Hatta masinjan ofishinmu yana da hannun jari a banki, kullum da safe sai ya ari jarida ya duba ko ya wayi gari attajiri. Ana cikin haka na haɗu da Bashir, wanda muka yi sakandare tare, ya kai ni gidan ƙanin babansa a Maitama. A can Bashir ya ba ni labarin wasu kamfanoni a New York da ke ba mutum tebur da kwamfuta da kuɗinsu, ya yi ta saye da sayar da hannun jari daga safe zuwa yamma, a raba riba. Abin da suke nema kawai ka ajiye musu ɗan kuɗinka. Da na ambaci kwano sai ya tuntsire da dariya.

"Kwano, Isiyaku? A wannan zamanin? Je ka yi wata shida, ka dawo ka yi rufin alminiyum mai kala irin na layin nan."

Na ɗauki hutun shekara guda ba albashi, na sayar da tsohuwar motata na yi tikiti. Saratu ba ta hana ni ba, ba ta kuma ce in tafi ba. Takardar Bitrus kawai ta ninke ta sa min a aljihun riga.

Da na isa New York, lambar abokin Bashir da zai tarbe ni, kwana uku ina bugawa ba wanda ya ɗauka, kuma har na bar ƙasar ban ga ko ƙeyarsa ba. Na sauka a wani otal mai warin taba, inda kwana ukun nan suka cinye kuɗin ƙusa. Tun daga ranar na kama wata ɗabi'a: duk abin da na kashe sai na ciro takardar Bitrus na duba abin da ya tafi daga gidan. Dala ba ta min ciwo, don ban saba da ita ba. Amma in na ce taga ɗaya ta tafi, har cikin ƙirjina nake ji.

Ranar Juma'a na yi ta tambaya har na samu wani masallaci a unguwar Bronx. Ina neman takalmina bayan an idar na ji wani na faɗa da Hausa wai an taka masa safa. Wallahi saura kaɗan in rungume shi. Malam Illiya ne, mutumin Maraɗi, dattijo mai furfura a gemu, wanda ya shekara goma sha huɗu yana sayar da hulunan sanyi da safar hannu a bakin titi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya dubi 'yar kwat ɗin da nake kyarma a cikinta.

"Kai ma'aikaci ne," ya ce. "Daga takalmi ake gane ku. Mi ya kawo ka cikin wanga sanyi? Taho mu tai gida."

Gidan ɗaki ne guda a hawa na huɗu, rabinsa kwalayen kaya. Ya ja kwalayen gefe ya shimfiɗa min katifa, ya tuƙa tuwon garin shinkafa da miyar busasshiyar kuɓewa. Ina ci ina hawaye, shi kuwa ya juya baya yana ta lissafin huluna kamar bai gani ba. Daga ranar ya laƙaba min Ma'aikaci, bai sake kirana da sunana ba.

Wata biyu na yi a ɗakin ina karatun jarrabawar da sai ka ci ta ake barinka ka zauna a tebur. Na ci, don ni dai karatu bai taɓa kayar da ni ba. Kuɗin jarrabawa da littattafai da rigar sanyi suka tafi da tagogi biyu.

Daga nan na shiga aikin da na fi kowa iyawa. Na sayi takarda da rula, na ja gurabe uku, na ce kamfani uku zan gani in ja layi a ƙarƙashin mafi araha. Abu biyu ake kwatantawa. Na farko kamasho, wato abin da kamfani ke cira duk lokacin da ka saya ko ka sayar, ko ka ci riba ko ba ka ci ba. Na biyu su suna ce masa leverage, ni kuwa na kira shi ninki: in ka ajiye dala ɗaya, dala nawa za su sake maka ka yi ciniki da ita.

Kamfani na farko wata tsohuwa ce ke kula da shi, Madam Rut, mai tabarau rataye da igiya a wuya. Ofishinta ƙarami ne, kujerun duk sun ji jiki. Ta yi min tambayoyi sun fi na ofishin biza, har da wace ce ke jirana a gida da kuma inda na samo kuɗin. Na ce na rufin gida ne. Ta cire tabarau ta daɗe tana kallona. Ta ce ninki biyar take bayarwa, shi ma ba yanzu ba. Wata uku na farko hannun jari ɗari kacal zan riƙa taɓawa, kuma in na faɗi wani ɗan adadi a rana za a kashe min kwamfuta in tafi gida. Kamashonta ya fi na kowa tsada, ribar kuma rabi da rabi. Na yi tayi, kamar yadda kowane ɗan halak ke yi a kasuwa. Ta ce ba a tayi a nan. Na fito raina a ɓace, ina cewa tsohuwar nan ta ga baƙar fata ta raina ni. Ni da nake sa hannu a kwangilar miliyoyi, a ce hannun jari ɗari?

Kamfani na biyu ba abin faɗi. Wani saurayi ya miƙo min takarda idonsa na kan kwamfuta, ninki goma, kamasho tsaka-tsaki. Na rubuta na fito.

Na uku yana hawa na ashirin da wani abu, bango duk gilashi. Mista Alan ya taso da kansa ya tarbe ni, ya haɗa min kofi, ya kuma kira sunana daidai, abin da ba Baturen da ya taɓa yi. Ninki ashirin, in ji shi, tun daga ranar farko. Riba kuma kashi tara cikin goma nawa ne. Na yi ta maza na taya, sai ga shi ya buga tebur yana dariya.

"Na ga alama kai ɗan kasuwa ne na gaske. Talatin. Kamashon ma zan rage maka, muddin cinikinka na wata ya kai yawan da aka rubuta a nan."

Abin da ya shiga zuciyata a lokacin sai Bahaushe zai gane shi. Mahaifina ɗan atamfa ne a kasuwar Keffi, kuma akwai labarin da ya ba mu ya fi sau ɗari. Ubangidansa, wani Alhaji a Kano, ya taɓa ba shi dila arba'in ba takarda ba shaida. Motar ta kama wuta a hanya, kaya suka ƙone ƙurmus. Baba ya je ya durƙusa gabansa, Alhaji ya ce, "Tashi, Garba, kayana ne suka ƙone, ba naka ba." Ya sake loda masa wasu. Da wannan labarin na girma. A wurinmu yawan kayan da ubangida ya sakar maka shi ne ma'aunin yardar da ya yi da kai. Don haka da Alan ya ce talatin, ni ba lissafi na ji ba, girmamawa na ji. Na ce yau na samu ubangida a ƙasar Turawa.

Da yamma na baje takardata a kan kwali, na nuna wa Malam Illiya yadda na ja layi a ƙarƙashin na uku. Bai iya boko ba, ya dai saurara yana naɗe safar hannu.

"Shina da kyau," ya ce. "To, in an faɗi, wa ke ɗauka?"

"Kuɗin kamfani ne fa, Malam."

"Na ji. In an faɗi, wa ke ɗauka?"

Na yi masa dariyar da 'yan boko ke yi wa wanda bai yi ba. Gaskiyar magana ita ce takardata ba ta da gurbin wannan tambayar. A ma'aikata ba mu taɓa ja mata layi ba, don in kaya suka lalace na gwamnati ne, ba wanda ya taɓa kwana da yunwa saboda su. Washegari na sa hannu a takardu masu shafi ashirin da wani abu, na miƙa katako da kwano da silin da ƙofofi da kuɗin aiki gaba ɗaya.

Ɗakin cinikin ba shi ne mai gilashi ba. Yana can ciki, ba taga ko ɗaya, tebura a jere, mutane kusan hamsin daga ƙasashe daban-daban kowa ya ƙura wa allonsa ido. Na shiga da sallama, na bi layi ina gaisawa, ba wanda ya ɗago. Ƙarfe tara da rabi kasuwa ta buɗe, ƙarfe huɗu ta tashi, tsakaninsu ba ka jin komai sai ƙarar maɓallai da ashar. Mutum ɗaya ne ya amsa gaisuwata, Faruk, ɗan Bangaladash da ke kusa da ni. Shi ya nuna min wani lungu a bayan matakala inda muke shimfiɗa kwali mu yi azahar, kuma kullum sai ya raba shinkafarsa biyu.

Makon farko na ci riba. Na sayi katin waya na kira Saratu ina cika baki, na ce ta gaya wa Bitrus ya fara tambayar farashin alminiyum. Ta ce, "To, Baban Ummi, Allah ya sa." 

Ƙarshen wata aka miƙo min takardar lissafi, na karanta sau uku. A sama ga riba, gwanin sha'awa. A ƙasa kuwa ga kamasho, ga kuɗin tebur, ga kuɗin na'urar da ke nuna farashi, ga kuɗin kasuwar da cinikin ya bi ta cikinta, ga wani da har yau ban san na mene ne ba. Kamashon ma ba mai rahusar aka cira ba, don cinikina bai kai yawan da aka rubuta ba. Da aka gama cirewa ribar ta ƙare, har an gutsuri ƙofar kicin. Duk waɗannan suna cikin kamashon Madam Rut mai tsada, ta ma faɗa min, ni ne ban da gurbin rubuta su.

Maimakon in ja baya sai na ce maganin abin in ƙara ciniki in kai ga kamasho mai rahusa. Na dinga saye ina sayarwa ba dalili, sau hamsin, sau tamanin a rana, don kawai adadi ya cika. Adadi ya cika kuwa. Aka rage min kamasho a kan kowane ciniki, amma jimillarsa ta ninka ta watan baya. Alan ya zo ya dafa kafaɗata a gaban kowa ya ce ga ɗan kasuwa. Na ji daɗi, Allah ya sani na ji daɗi.

A bayan matakala Faruk ya zaunar da ni, ya ciro biro ya yi min lissafi a tafin hannunsa.

"Ɗan'uwa, in ka yi amfani da ninki talatin gaba ɗaya, abin da ka saya ya faɗi da uku cikin ɗari, kuɗinka sun kusa ƙarewa. Uku kacal. A nan kafin ka sha ruwa ka dawo an yi haka. Ni an ba ni ashirin, ban taɓa wuce huɗu ba."

"To me ya sa suka ba mu, in ba su yarda da mu ba?"

Ya dube ni da tausayi ya ce, "Don ka sayi da yawa. Kowane ɗaya da ka saya akwai nasu a ciki."

Na gode masa, amma a raina na ce tsoro ne irin na wanda bai gaji kasuwanci ba.

Damina ta faɗi a gida. Duk kiran da na yi sai Saratu ta ce an yi ruwa jiya, Bitrus ya zo ya ce bulon sama ya fara jiƙa, kuma kwano ya ƙara kuɗi. "Yaushe za a turo, Baban Ummi? Ko na katako ne a fara." In ce mata wata mai zuwa. Ummi ta karɓi waya ta ce ruwa ya wanke sunanta amma ta sake rubutawa. Ranar da ta faɗa min haka na kasa cin tuwon Malam Illiya. Silin ya riga ya tafi, ƙofofi sun tafi, saura katako da kwano da kuɗin aiki. Na yanke shawarar in dawo da komai a bugu ɗaya.

Wata Talata da safe na ga hannun jarin wani kamfanin magunguna ya sauko. Na ce ya yi araha, na saya da dukkan ninkina, talatin ɗin nan cif. Ya ƙara sauka. Ban damu ba, don na san abin da 'yan hatsi ke yi a Karshi: in kasuwa ta faɗi ba a sayarwa, a kulle kaya a sito a jira ta dawo. Na naɗe hannu na zauna. Faruk ya leƙo allona ya ce, "Fita! Fita yanzu!" Na ce masa ɗan kasuwa ba ya gaggawa. Ban rufe baki ba allon ya yi ja, lambobin suka ɓace. Na'urar kamfani ta sayar da komai da kanta ba tare da ta tambaye ni ba, ta kuma kulle min tebur.

Na tashi na nufi ofishin Alan. Na cire hulata a bakin ƙofa, na shiga na rage tsawo, kamar yadda nake jin Baba ya yi a Kano. Na ce an samu tsautsayi, na zo ne a matsayin yaronsa, a mayar min da kayan a ba ni kwana biyu, kasuwa za ta dawo. Ya ce in tashi in zauna a kujera, yana waige-waige kada a gan mu. Ya buɗe takardun da na sa wa hannu ya ɗora yatsa a wani shafi. Duk asara daga kuɗin ajiyata ake fara cirewa, kuma kafin su ƙare na'ura za ta rufe ciniki, don kada ko sisin kamfani ya taɓu.

"To ku nawa kuka yi asara?" na tambaye shi.

"Mu? Ba ko ɗaya. Ai don haka aka yi na'urar." Ya yi murmushin nan nasa. "Ka ƙaro kuɗi gobe mu ci gaba. Ana samun irin wannan ranar."

Na ce a ba ni ragowar in tafi. Ya juya wani shafin. Kuɗin ajiya sai sun cika shekara guda a wurinsu kafin a sake su. Na fito na ciro takardar Bitrus a cikin lifta. Katako ya tafi, kuɗin aiki ya tafi, kwanon ma saura 'yan bandir da ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Washegari hannun jarin nan ya koma daidai inda na saye shi.

Kwana huɗu ban fita ba. Na biyar na wanke fuska na koma wurin Madam Rut, ban ma san abin da nake nema ba. Ta gane ni nan take. "Mai rufin gida," ta ce. Ta haɗa min shayi da hannunta, ta saurare ni har na gama. Ta ce ba za ta iya ɗaukata ba in babu kuɗin ajiya, kuma ko da akwai, gara in koma gida. Na tambaye ta abin da ke cina: me ya sa ta ba ni kaɗan haka?

"Saboda a nan in ka faɗi, rabin asarar tawa ce," ta ce. "Ina bayar da abin da zan iya jure rasawa tare da kai. Na faɗa maka a ranar, amma kana ta rubutu a takardarka."

Na koma Bronx na kwanta. Da safe Malam Illiya ya ture min wani ƙaramin kwali da ƙafa. Huluna goma sha biyu ne a ciki.

"Ma'aikaci, ɗauki wanga ka tsaya bakin tashar jirgin ƙasa. In ka saida su ka dawo in ƙara maka. In 'yan sanda sun kwashe, nawa ne."

Ina tsaye da kwalin nan a hannu sai farkon labarin Baba ya faɗo min. Ai ba da dila arba'in Alhaji ya fara ba shi ba. Turmi uku ya ba shi, ya ɗora a ka yana yawon ƙauyuka, shekara biyu cur kafin a ƙara masa na huɗu. Baba yakan faɗi wannan ɓangaren, mu ne ba ma saurara, muna ɗokin a zo wurin gobara. Na zauna a kan kwalin na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da ya rasu.

Haka na yi ta tallar huluna, da zafi ya shigo muka koma tabarau da laima. Na jira shekarar ta cika na karɓi ragowar, bayan sun sake gutsurar wani abu wai kuɗin rufe asusu. Tikitina ya riga ya mutu, sai na ƙara wasu watanni ina tara na wani. A tsakanin nan hutuna ya ƙare, aka cire sunana daga ma'aikata. A waya na gaya wa Saratu gaskiya. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ka dawo kawai." Ranar da zan taho Malam Illiya ya cusa min safar hannu a jaka, wai ko Abuja za ta yi sanyi wata rana.

Tsakiyar damina ta biyu na sauka. Kwana biyu da dawowata Saratu ta ce mu je Orozo, mu uku da Ummi. A hanya na ga gidajen da aka fara bayan namu duk an rufe su, wasu har da alminiyum mai kala. Namu yana nan yadda na bar shi, sai dai bangon ya yi baƙi da gansakuka, na baya kuma ya tsage daga sama har ƙasa. An toshe bakin ƙofa da tsohon langalanga. Saratu ta ja shi gefe, na shiga na tsaya cak.

Kuɓewa ce a falo, ta kai min ƙugu. Ɗakinmu masara, kicin tumatir, ɗakin Ummi barkono ya yi ja. Tun daminar farko, da ta ga wata mai zuwa ba ya zuwa, Saratu ta sa aka zubo ƙasa da taki ta shuka, don bango ya kare mata awaki.

Bitrus ya iso da awonsa a aljihu. Ya gaishe ni da fara'a, bai tambaye ni komai ba. Ya hau ya ƙwanƙwasa bulon sama, ya gutsuro wani da hannu ya murtsuke shi.

"Oga, layi uku na sama sai an sauke, ruwa ya gama da shi. Bangon baya kuma sai birkila ya gani."

Na miƙa masa ambulan ɗin da na dawo da shi, da takardarsa da ta yi laushi saboda ninkewa. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya sosa ƙeya.

"Oga, da farashin yanzu, wannan zai rufe kicin. In an matsa."

Na ce to a rufe kicin ɗin, ko ba komai a ce an fara. Saratu, da ke tsinkar kuɓewa tana zubawa a gefen mayafinta, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "A'a, Baban Ummi. Kicin ne ya fi ba da tumatir. In aka rufe ba zai samu rana ba, kuma da shi nake cika kuɗin haya." Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma ta yi faɗan, da na fi samun sauƙi.

Kuɗin nan a buhun shinkafa da kuɗin makaranta suka ƙare. Na samu aikin rubuta lissafi a wani gidan bulo a hanyar Karshi, kuma duk shekarar da muka tara wani abu sai mu tarar kwano ya riga mu gaba. Har yau ɗaki ɗaya muka iya rufewa, shi ma da tsohon kwano, nan muke ajiye taki da fartanya. Bara Ummi ta gama karatunta ta yi aure, daga gidan hayarmu na Nyanya aka ɗauke ta. Barkonon da aka yi miyar bikin da shi, daga ɗakinta aka tsinko.